Yadda Ake Rubuta Labarin Sauyin Zuciya a Ɗakin Jarrabawa

Tunda lokacin WAEC da NECO ya ƙarato, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, har da wasu iyaye masu yi wa 'ya'yansu bita a gida: idan takarda ta ce ka rubuta labarin abin da ya sauya maka tunani, ko labarin da zai ƙare da "daga ranar ban sake komawa halina na da ba", ta ina mutum zai kama? Amsa ɗaya-ɗaya ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake koyar da su a aji.

Riƙe abu guda kafin mu shiga. Irin wannan labari tafiya ce, amma ba ta mota ba. Tauraro yana tashi daga wani hali, hassada ko tsoro ko girman kai ko ƙiyayya, ya sauka a wani halin daban. Mai duba takarda ba ya leƙa zuciyar kowa, don haka dole ka nuna masa sauyin a hannun tauraron da ƙafarsa da bakinsa. Da Hausa za ka rubuta ko da Turanci, ginin ɗaya ne.

1. Kayan aiki

Biro biyu iri ɗaya, shuɗi ko baƙi, waɗanda ka riga ka yi rubutu da su hannunka ya saba. Littafin rubutu guda da za ka ware don atisaye kaɗai. Agogon hannu mai sauƙin kuɗi, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma ba kowane ɗaki ne ke da agogon bango mai aiki ba. Sai littafin tambayoyin shekarun baya, wanda shi ne mafi tsada a cikinsu. Ba sai ka saya kai kaɗai ba, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ko ka aro wajen wanda ya gama bara. Tambayoyin insha'i shafi kaɗan ne, cikin zama ɗaya za ka kwafe su.

Abin da zai ci ka da gaske lokaci ne: labari huɗu ko biyar kafin ranar jarrabawa, kowanne da agogo a gabanka.

Gargaɗi: kada ka kashe ko sisi wajen sayen labarin da wani ya rubuta don ka haddace. Za mu dawo kan wannan a mataki na 8.

2. Karanta tambayar sau biyu, ka san awonta

Tambayar labari takan zo da fuska uku. Ko a ba ka jimlar da za ka fara ko ka rufe da ita, ko a ba ka karin magana a ce ka kawo labarin da ya dace da ita, kamar "in kunne ya ji, jiki ya tsira" ko "hassada ga mai rabo taki ce", ko kuma a ba ka take kai tsaye, irin su "Ranar da ba zan manta ba". Dukkansu suna karɓar labarin sauyin zuciya. Ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta ɗaure ka: "fara", "ƙare", "dace da". Idan an ce ka ƙare da jimla, to ita ce za ta zama ta ƙarshe, harafi da harafi yadda aka ba ka.

A takardar Turanci ta WAEC ana neman kalmomi kamar 450 cikin minti 50, kuma maki 50 ɗin a rabe suke: 10 na abin da labarin ya ƙunsa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu daga kurakurai. Duba da kyau inda kaso mafi tsoka yake: yadda ka faɗi abin ya ninka girman abin da ya faru. Insha'in takardar Hausa ya fi wannan gajarta, wajen kalmomi 300, amma kullum umarnin da ke saman takardar da aka miƙa maka shi ne alƙali.

Tun a gida ka ƙirga kalma nawa hannunka ke zubawa a layi guda. Idan 9 ne, to kalmomi 450 layi 50 ke nan, 300 kuma layi 33 zuwa 34. Da ka san wannan, ba ka sake zaman ƙirga kalmomi ɗaya bayan ɗaya ana cinye maka lokaci.

Gargaɗi: an ba ka karin magana ba yana nufin ka yi sharhinta ba. Ɗalibai da yawa sukan cinye sakin layi biyu suna bayanin ma'anarta da hikimar magabata. Labari aka ce, shiga labari.

3. Zaɓi hali ɗaya, ka rubuta tashi da sauka

A gefen takardar tambaya, ko a shafin da za ka soke daga baya, rubuta layi biyu kacal:

Tashi: ina jin haushin ƙanena don ya riga ni sauke Alƙur'ani.
Sauka: na karɓi cewa rabonsa bai rage nawa ba.

Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma da shi zan yi misali har ƙarshe. Idan ba ka iya rubuta layukan nan biyu ba, ba ka da labari tukuna, komai yawan abubuwan da ke yawo a kanka.

Hali ɗaya nake cewa. Wanda ya ɗauko hassada da sata da rashin biyayya da shaye-shaye a kalmomi 300, ba wanda zai warware a cikinsu. Kuma ka zaɓi wanda ka taɓa ɗanɗanawa ko ka gani a gidanku. Yarinyar da ta ƙi cin tuwon matar babanta tun rasuwar mahaifiyarta. Yaron da yake sauya hanya don kada abokansa su gan shi da mahaifinsa mai tura kurar ruwa. Wadda ke tsoron miƙewa ta yi magana a gaban aji. Waɗannan ƙanana ne a ido, amma akwai nama a jikinsu, kuma ba sai ka yi ƙarya mai yawa ba kafin su tsaya da ƙafarsu.

Gargaɗi: guji haɗarin mota, 'yan fashi, masu garkuwa da mutane, da aljanu. A shekarun da na yi ina duba takardun gwaji, akwai lokacin da na karanta haɗarin mota ya fi a ƙirga cikin tuli ɗaya, kowa ya farka a gadon asibiti ya tuba. Babban tashin hankali yana cinye dukkan kalmominka wajen jini da kuka da jiniya, zuciyar da aka tambaye ka a kanta ta tashi a tutar babu.

4. Nemo abu guda da za a iya taɓawa

Nan ne asirin yake, kuma nan nake so ka fi daɗewa.

Hassada ba ta da launi, ba ta da nauyi. Sai ka rataya ta a jikin wani abu da ido ke gani. A misalinmu, allon zayyana ne, wanda aka yi wa ado don walimar saukar ƙanen. Da farko tauraron ba ya ko iya kallonsa. A tsakiya ya ɗauke shi ya cusa bayan buhunan masara a ɗakin ajiya. A ƙarshe shi da kansa ya zaro shi. Allo ɗaya, taɓawa uku, mai karatu ya ga tafiyar zuciyar gaba ɗaya ba tare da an ce masa "na yi nadama" ba. Ga yarinyar can kuwa, kwanon tuwo ne: ta ture shi, ta bar shi ya kwana a rufe, ranar ƙarshe ta jawo shi gabanta. Ga ɗan mai ruwa, hannun kurar ne da bai taɓa kamawa ba.

Gwada jimlolin nan biyu. Ta farko: "Na ji baƙin ciki ƙwarai da gaske matuƙa da na ga allon." Ta biyu: "Inna ta ce in miƙo mata allon ta gani. Na kama shi da yatsu biyu kamar mai ɗaukar garwashi." Ta farko rahoto ce, kowa zai iya rubuta ta, kuma "ƙwarai da gaske matuƙa" ba ta ƙara mata komai ba sai nauyin banza. Ta biyu ta sa mai dubawa ya ga yaron. Makin sarrafa harshe a irin wannan yake ɓuya.

Hausa ta ba ka kayan aiki da ba kowane harshe ke da irinsu ba, wato kalmomin amsa-kama: tsit, wuf, zumbur, jugum, sukuku, tinjim. "Na yi jugum" ta fi sakin layi guda na bayanin damuwa. Sai dai kamar gishiri suke, biyu ko uku sun isa labari ɗaya.

Gargaɗi: kada ka fassara abin da ka riga ka nuna. Idan ka rubuta garwashin nan, kada ka bi shi da "wannan ya nuna ina yi masa hassada". Mai dubawa malami ne, ya gane.

5. Zana sakin layi biyar kafin ka taɓa takardar amsa

Minti 6 zuwa 7 za ka ba wannan, tare da mataki na 3 da na 4. 'Yan kalmomi kaɗan sun isa kowane layi:

Na ɗaya: gida ana shirin walima, ni ina gefe.
Na biyu: dalilin haushin, a taƙaice.
Na uku: na ɓoye allon.
Na huɗu: abin da ya karya ni.
Na biyar: na mayar, da abin da hannuna ya yi.

Ka taƙaita lokacin labarin. Kwana ɗaya, ko dare zuwa wayewar gari. Mutane kada su wuce uku masu magana. Wuri ɗaya ko biyu. Wanda ya fara daga ranar da aka haife shi, kafin ya iso ajin da yake ciki mai sa ido ya ce a ajiye biro.

Tsari yana da makinsa na kansa, kuma abin da ake fara gani tun kafin a karanta kalma ɗaya shi ne ko shafin yana da sakin layi ko kuwa dunƙule yake kamar curin fura.

6. Buɗewa

Fara a cikin motsi. "Ƙamshin waina ne ya tashe ni, amma da na tuna dalilin suyar sai na ja bargo na rufe kaina." Jimla ɗaya ta ba da lokaci, ta ba da gida, ta kuma nuna akwai abin da ke cin yaron. Sa take gajere a sama idan ba a ba ka ba.

Gargaɗi: bar "Assalamu alaikum, sunana wane, ina farin cikin samun wannan dama". Wannan buɗewar wasiƙa ce ko muhawara. Haka "ga ta nan ga ta nanku" ta tatsuniya ce, ba wurinta ba ne. Doguwar addu'a da godiya ga malamai ma ba su da maki a nan.

7. Wurin juyawa, da rufewa

Sakin layi na huɗu shi ne zuciyar aikin, ka ba shi kalmomi fiye da kowanne. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me zai faru, ƙarami amma mai kaifi, da zai sa wannan yaro ya kasa ci gaba da riƙe haushinsa? Amsar da ta fi zuwa wa ɗalibai ita ce wa'azi: wani dattijo ya zo ya yi nasiha ta layi goma, yaro ya fashe da kuka. Wannan hanya ce ta rago. Nasiha ba laifi ba ce, amma a labari ta fi ƙarfi idan abin da ya faru ne ya yi ta. Ga yadda zan yi nawa:

Bayan sallar isha'i ina kwance sai na ji ana taɓa ƙafata.
"Yaya, ka yi barci?"
Na yi shiru.
"Yaya, don Allah ka saurare ni in biya farkon Baƙara. Tsoro nake ji kada in kakare gobe a gaban mutane. Kai ne ka koya mini Fatiha, in kana kusa ba na mantawa."
Na tashi zaune. Ya fara karatu muryarsa na rawa, ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙurar buhunan masara.

Lura da abubuwa uku. Ƙanen bai san an ɓoye allon ba, don haka maganarsa ba roƙo ba ce, ba gori ba ce, shi ya sa ta huda. Ya kira shi "Yaya" kamar yadda ƙane ke yi a gida, domin yaro ba ya kiran wansa da suna gatsal, haka kuma ɗiya ba ta ce wa mahaifiyarta "ke". Idan ka ɓata wannan, Bahaushen da ke duba takardar zai ji labarin ya yi masa baƙo. Na uku, kowane mai magana da layinsa, maganarsa a cikin alamar zance.

Kada sauyin ya zo kamar an kunna fitila. Ba shi jimla biyu ko uku na kai-kawo: ya tashi, ya koma ya zauna, ya tuna abin da za a ce idan aka gane shi ne, sannan ya fita. Wannan jinkirin shi ke sa a yarda da shi.

Rufewa kuma da aiki za ka yi ta. "Kafin kiran assalatu na zaro allon, na goge ƙurar da hannun rigata, na jingine shi inda Baba ya ajiye shi." Idan an ba ka jimlar rufewa, nan za ta biyo baya ta zauna daram. Idan karin magana ce, kana iya sa ta a bakin Inna ko kaka sau ɗaya, ko ka bar labarin ya ɗauke ta.

Gargaɗi: "Sai na farka, ashe mafarki nake yi" tana rushe duk abin da ka gina, domin wanda ya yi mafarki bai je ko'ina ba. Sannan kada ka ƙara sakin layi na "darasin da ke cikin wannan labari shi ne". Haka kuma ba dole tauraro ya zama waliyyi ba. Ya isa a ga ya matsa taku ɗaya.

8. Atisaye, ba hadda ba

Rubuta labari ɗaya duk mako da agogo: minti 7 tsari, 35 rubutu, 8 dubawa, idan na minti 50 kake shiryawa. Ka ba malaminka ko wani da ya fi ka ya karanta, ka tambaye shi abu guda: daga wane hali tauraron ya tashi, ina ya sauka? Idan ya yi jim kafin ya amsa, koma mataki na 3.

Abin da za ka shiga ɗakin jarrabawa da shi a ka shi ne hali biyu ko uku, kowanne da abinsa na taɓawa. Labarin allon nan zai iya amsa "hassada ga mai rabo taki ce", ya amsa "daren da ban yi barci ba", ya amsa wanda zai ƙare da nadama, in dai ka san inda za ka karkata shi. Wanda ya haddace kalma da kalma kuwa, da tambaya ta ɗan goce sai ya zuba abin da ya haddace haka nan, makin dacewa da tambaya ya tafi. Na taɓa samun takardu uku daga aji ɗaya da labari iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Ban sha wahalar gano inda suka samo shi ba, su ma ba su ji daɗin abin da ya biyo baya ba. Misalin allon nan ma na koyo ne, nemo naka.

9. Mintunan ƙarshe: farautar kurakurai

Wannan mataki ne ɗalibai suka fi rainawa, alhali makinsa ya fi kowanne sauƙin tsira. A takardar Turanci rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, ke nan kuskure 20 sun share makin tsabtar rubutu 10 ɗin nan kakaf. A Hausa ma ƙa'idojin rubutu ba a yi musu sassauci. Bi takardarka sau biyu, kowane zagaye da abin da kake nema.

Zagayen farko, ƙugiya. Duba kowace ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Bari da ɓari ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, haka daki da ɗaki. Mai sauri yakan bar su duka a miƙe.

Zagaye na biyu, haɗewa da rabewa. Ana raba "shi ne", "ita ce", "za ka", "za a", "ba ni", "sai dai", "ko da". Ana haɗe "yana", "suna", "yake", "yakan", da gajeriyar mallaka kamar "allonsa" da "rigata". Ka bambance "a kan" ta wuri, kamar "a kan tabarma", da "akan" ta sabo, kamar "akan yi walima". A nan ne kuma za ka kama rubutun waya da ya saba zamewa cikin biro: "xan", "xuwa", "wlh", "ngd". Ko ɗaya kada ya tsira.

Sai lokaci. Labari da shuɗaɗɗen lokaci ake jan sa, kuma a jerin aukuwa "suka" da "muka" ake amfani da su: "suka shigo, suka zauna, muka gaisa". Wanda ya rubuta "sun shigo, sun zauna, sai muka gaisa, yana cewa" ya haɗa lokuta uku a numfashi ɗaya. Idan ka fara da "na", kada a tsakiya ka koma "ya" kana nufin mutum ɗaya.

Daidaitacciyar Hausa ake so a bakin mai ba da labari. Basakkwace ya lura da "shina" da "wagga", wanda kuma ya saba cewa "mace ne" a karin garinsu ya mayar da ita "mace ce". Kalmar aro da ta zauna, irin su mota, asibiti, makaranta, ba matsala. Wadda ba ta zauna ba, nemo ta Hausa.

Idan ka ga kuskure, ja masa layi ɗaya ka rubuta gyaran a samansa. Kada ka murje shi har takarda ta huje. Kafin ka miƙa, tabbatar lambar tambayar da ka zaɓa tana saman labarin, ka kuma soke tsarin da ka zana idan a takardar amsa ka yi shi.